Waƙar da Ta Binne Yayata da Ranta

Shekaru suna goge abubuwa da yawa daga kan mutum, har wani lokaci ka zauna kana tambayar kanka ko ma sun faru. Wannan da zan ba ku ba ya cikinsu. Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, na san wata Juma'a da na yi a Riyad tana nan daram a raina, ba inda za ta.

Ni mutumin Damagaram ne, direba. Na daɗe ina jan motar wani kamfanin kayan gini, ina kwana a unguwar Manfuha, a irin gidajen nan da za ka tarar da takalma a bakin ƙofa sun fi na masallacin unguwa yawa. Yayata ce ta riga ni zuwa ƙasar. Girki take yi wa wasu Larabawa a unguwar Malaz, kuma a nan ta haifi ɗanta ɗaya tilo. Auren bai yi ƙarko ba, uban ya tattara ya koma gida ya yi wani, ita ta ci gaba da riƙon ɗanta a ɗan ɗakin da aka ba ta bayan kicin. Tare da 'ya'yan masu gida ya tashi, da su ya yi wasa, da su ya yi faɗa. Larabcinsa, in ba ka ga fuskarsa ba, sai ka rantse ɗan ƙasa ne. Turanci kuwa a waya ya tsince shi. Hausa ce dai ta tsaya masa a "ina kwana", "zo ka ci" da "rufe ƙofa". In ya buɗe baki zai yi doguwar magana da ita, mukan kwashe da dariya, shi ma ya taya mu, sai ya koma Larabci a wuce wurin.

Da ya zama saurayi sai ya kamu da son jita. Ba irin wadda ake kaɗawa a hankali ana lumshe ido ba, ta lantarki, wadda ake jona wa waya a haɗa ta da sifika mai girman firiji. Rok suke ce wa kiɗan, kuma a cikin rok ɗin ma ya zaɓi mai tsananin ƙara. Ni dai a kunnena ba shi da maraba da injin yankan tayil, na kuwa sha faɗa masa haka. Amma ban taɓa musun cewa ya iya ba. Na ga yadda yatsunsa ke gudu a kan wayoyin nan, na ga samarin Larabawa suna kallonsa baki buɗe. Da rana yana aiki a wani shagon kayan sauti, da yamma yana tare da wata ƙungiyar makaɗa da ba ta da aiki sai maimaita waƙoƙin wasu.

Uwarsa ba ta taɓa son abin ba. Ba ta zage shi ba, ba ta fasa masa jitar ba, amma duk ranar da ya ɗauko zancen sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Da ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, masu gida suka yi mata fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa, ni na kai ta filin jirgi tare da ɗanta. A bakin ƙofar shiga ya durƙusa a gabanta, ƙato da shi, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Inna, ki sa albarka a aikina." Ta dafa kansa ta ce, "Allah ya shirye ka." Ta ja jakarta ta shige.

A hanyar dawowa, da muka kusa gari, sai ya ce, "Kawu, shirye ka da albarka, abu ɗaya ne?"

Na ce, "Dangi ne dai, amma ba ɗaya ba ne."

Ya gyaɗa kai ya juya yana kallon taga. Daga ranar na san abin da yake nema a duniya, kuma ba suna ba ne, ba tafi ba ne. Wannan kalma ɗaya yake so ya ji daga bakin uwarsa.

Bayan tafiyarta ya bar tsohuwar ƙungiyar, ya ce ya gaji da tauna abin da wasu suka tauna. Lokacin ƙasar ta fara sakin jiki da harkar kiɗa, wuraren wasa suna buɗewa, kowane saurayi mai dogon gashi yana ganin lokacinsa ya zo. Ya haɗa tasa ƙungiyar da abokansa biyu, wani ɗan ƙasa mai buga ganguna da wani ɗan Sudan mai jita mai kaurin murya, shi kuma yana jita yana waƙa. Suka ɗaura niyyar fitar da albam ɗinsu na farko, waƙoƙin kansu daga farko har ƙarshe. Sukan kama istiraha a bayan gari, irin gidajen hutun nan masu katanga da ake haya na yini, su yi ta gwaji. Ni ne ɗan dakonsu ranar Juma'a, tunda ni ke da mota mai buɗaɗɗen baya. In na sauke musu kaya sai in ja tabarma can ƙarshen katanga da butar shayina, in bar su da aljanunsu.

Wata rana muna loda kaya ya ce mini, yana murmushi, akwai waƙa ɗaya da ya yi da Hausa, ta Inna ce, ita ce ma za ta zama sunan albam ɗin. Na ce to ya rera mini in ji, ko in gyara masa inda ya karkace. Ya ce a'a, mufaja'a ce, ba-zata yake so ya yi mana ni da ita. "In ka ji, Kawu, za ka ce wallahi ɗan nan Bahaushe ne." Na ce Allah ya nuna mana. Sun ɗebi watanni suna wannan aiki. Na ga ya rame, na ga 'yan yatsunsa sun yi kanta, na ga mai gangar ya sayar da babur ɗinsa don su shiga situdiyo mai kyau. Ba wasa suka ɗauki abin ba, wannan kam shaida ce zan bayar ko a gaban wa.

Ranar da suka sake shi a intanet Juma'a ce. Ni ban ma san ya riga ya fita ba, wayata tana aljihu a kashe, na tafi masallaci. Ana sallamewa, ina neman takalmina, sai wani dattijo ɗan garinmu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Kafin in ce wa, wani ya matso, "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya ba ku dangana." Nan da nan mutanen Damagaram da na Maraɗi suka kewaye ni, kowa na miƙo hannu. Na ce, "Jama'a, wai wa ya rasu?" Suka dubi juna. Wani ya ce, "Innalillahi, ashe bai ji ba." Ya ciro wayarsa ya nuna mini.

Hoton yayata ne, wanda ta ɗauka da farin mayafi, an mayar da shi baƙi da fari. A ƙasansa an rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN GASKIYA. Ɗanta ne da kansa ya tura shi zauren 'yan garinmu na waya, ya tura na dangi, ya rubuta a ƙasa, "Inna ta riga mu gidan gaskiya. Wannan nata ne."

Ban san lokacin da na zauna a kan matakalar masallaci ba. Matar da ta goya ni, ta yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, ta ciyar da ni kafin in sami iƙama, takardar izinin zama. Na kunna waya, na kira lambarta, ana ta cewa tana kan wani kiran. Na sake kira, haka. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. Har yau in na tuna wannan ɗan lokaci sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, don a cikinsa na binne yayata na gama, har na fara tunanin wanda zai tsaya mata a gida.

Ƙanwarmu ce ta samu shigowa layina daga Damagaram. Muryarta a sama take. "Kai, me ɗan nan ya yi mana? Ga Yaya nan zaune tana tsinke zogale, gida ya cika da mata ana salati! Gwaggo ta hawo babur tun daga ƙauye, tana shigowa ta gan ta a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, yanzu ake yayyafa mata ruwa. Maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Har liman ya aiko a tambayi lokacin jana'iza!"

Na ce, "Tana da rai?"

Ta ce, "Da ranta mana! Amma ta shige ɗaka ta rufe ƙofa."

Na yi hamdala, sannan wani irin fushi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na san inda suke, don sun gayyace ni walimar fitar albam a istirahar nan bayan sallar Juma'a. Ban san yadda na tuƙa motar ba. Na tarar da su sun kewaye faranti na shinkafar kabsa, abokansu sun cika wurin, ana ta ɗaukar hoto. Yana hango ni ya taso da gudu, fuskarsa kamar an ba shi kyautar duniya. "Kawu! Ka gani? Ka ji? Inna ta ji?"

Na ce, "Kai, wane irin mugun wasa ne wannan?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya ce bai gane ba. Ya ja ni gefe, wai in saurara tukuna kafin in yanke hukunci, ya kunna waƙar a wayarsa. Ta fara da ƙarar nan tasu da na sani, sai can komai ya lafa, jita kaɗai ta rage tana wani irin kuka a hankali, muryarsa ta shigo da Hausarsa mai ɗingishi. Yana cewa Inna ta riga mu gidan gaskiya, ɗakinta ya yi sanyi, wata rana shi ma zai je ya tarar da ita a can. Wallahi da a ce ta mutu ɗin ne, da ba a taɓa yi wa uwa waƙa mai taɓa zuciya irin wannan ba. Tsigar jikina ta tashi duk da fushin da nake ciki.

Na ce, "Me kake nufi da gidan gaskiya?"

Ya ce, "Gida mana. Damagaram. Nan ai ba gidanmu ba ne, nan iƙama ce kawai, in kafil, mai ɗaukar nauyinka, ya ce halas, shi ke nan an gama. Can ne gida na gaskiya. Ba haka kuke cewa ba in mutum ya tafi?"

Na dube shi, na ga ba ƙarya a idonsa. Na ce masa a hankali, da Larabci don kada ya sake ɓata, "Gidan gaskiya lahira ce. In an ce mutum ya riga mu can, ya mutu ke nan. Yanzu haka ana zaman makokin uwarka a gida, ita kuma tana ɗaka tana ji."

Bai yi ihu ba. Ya zauna a kan wata sifika, ya riƙe kansa. Can ya ɗago ya ce, "To tsohon nan mai ɗinki fa?"

Sai da na yi tunani kafin na gane wanda yake nufi. Wani dattijo ne ɗan Maraɗi da muka zauna gida ɗaya a Manfuha, yakan ajiye masa alewa duk ranar da uwarsa ta kawo shi hutu yana ƙarami. Wata rana ya zo bai gan shi ba, ya tambaya, aka ce ya riga mu gidan gaskiya. Ashe tun daga ranar ya ɗauki maganar ya adana da ma'anar da ya ba ta. A Manfuha kuwa mutane kullum ɓacewa suke, wani an kama shi ba takarda an mayar da shi, wani kwangilarsa ta ƙare, wani ciwo ya kai shi gida. Ina yaro zai bambance wanda jirgi ya ɗauka da wanda aka ɗauka a makara?

Na ce, "Yana maƙabartar Ud, nan Riyad. Da hannuna na sa shi a rami."

Ya ce, "Ni duk shekarun nan ina ganinsa a ƙofar gidansa a Maraɗi, da kekensa." Sai a nan hawaye ya zubo masa. Fushina ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo.

Ya kira uwarsa a ranar, ba ta ɗauka ba. Washegari ma haka. Ya tura saƙon murya da Larabci, ya tura da Hausar da na rubuta masa ya karanta, duk shiru. Ƙanwarmu ta ce ta daina fita ko'ina, don in ta bi layi yara na leƙenta, mata kuma suna yi mata barka da dawowa, wasu da zuciya ɗaya, wasu da dariya a ciki. Wasu suka ce ai alhaki ne, wanda ya bar ɗansa ya zama makaɗin Turawa dole ya ga fiye da haka. Akwai ma waɗanda suka ce da gangan ya yi, don a tausaya masa a saurari waƙar.

Abin takaicin, waƙar ta karɓu. Larabawan da ba su san me take cewa ba ita suka fi so a duk albam ɗin, har wani wurin wasa ya kira su. Shi kuma ya ce sai dai a sauke albam ɗin gaba ɗaya, da hoton, da sunan, da waƙar. A gabana suka yi wannan rigima. Mai gangar ya ce, "Ya ahi, haba ɗan'uwa, kalma ce fa kawai! Ka rubuta bayani a ƙasa, ka ba ta haƙuri, halas. Mutum nawa ne a nan suka san ma'anarta?" Ɗan yayata ya ce, "Mutum ɗaya ta sani, kuma don ita na yi." Ɗan Sudan ɗin ne kaɗai ya ɗan fahimta, amma shi ma ya ce a cire waƙar a bar sauran. Ban ga laifinsu ba, guminsu ne su ma. Shi dai ya kafe, ya ce ba zai iya jin ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba tare da ya ga tabarmin nan a ƙofar gida ba. Ya sauke shi. Mai gangar ya kwashe gangunansa a motar haya, bai ko jira in kai masa ba. Ƙungiyar da ba ta taɓa hawa dandali da sunanta ba ta watse a nan.

Duk da haka uwarsa ba ta ɗauki waya ba. Shi kuma ba shi da halin zuwa, mai shagon ya ƙi ba shi takardar fita da dawowa, ƙasar ma da yake kira gidan gaskiya bai taɓa taka ta ba. Ya koma daga shago sai ɗaki. In na je duba shi sai in tarar da shi kwance da fitila a kashe, jitar tana cikin akwatinta a saman kwaba.

Sai da hutuna ya zo na tafi gida. Na tarar da yayata ta faɗa, ta yi wani irin sanyi. Bayan an watse an bar mu mu biyu a inuwar ɗakinta, na ce, "Yaya, yaron nan fa bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Nufinsa kin riga shi zuwa gida."

Ta ce, "Kai kana ganin ban gane ba? Tun ranar na gane."

Na ce, "To fushin na mene ne?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, "Wa ya ce maka fushi nake? Na sa an kunna mini waƙar, na saurara har ƙarshe. Ɗana ne yake kuka yana kirana, da bakin da ban ba shi ba. Ni na riƙa ce masa ya yi Larabci, kada 'ya'yan masu gida su raina shi. Na ga ya iya, na ji daɗi. Yanzu in na ɗauki wayar, da me zan yi masa magana? Larabcin da na iya na aike ne da girki, kawo, kai, wanke, ɗora. Ban san yadda ake lallashin ɗa da shi ba. In na yi Hausa kuma, ban san me zai ji ba."

Ranar da zan dawo ta karɓi wayata, ta sa ƙanwarmu ta danna mata wurin ɗaukar murya, ta kore mu waje. Ta jima a ciki. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce kada in tura, in kai masa da hannuna.

Ina sauka, ko ɗakina ban je ba na wuce wurinsa. Na miƙa masa wayar na ce saƙon Inna ne. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Muryarta ta cika ɗakin, Hausar Damagaram tsantsa, irin wadda take yi da tsofaffin gida, tana yi tana sheshsheƙa, kuka na haɗiye rabin kalmomin. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ba ma abin da ya yi mata. Ta ce nonon da ya sha halal ne. Ta ce Allah ya yi masa albarka, shi da duk abin da hannunsa ya taɓa, har da wannan abu nasa mai ƙara. Ni ina jin haka na sunkuyar da kai, don na san abin da ya durƙusa yana roƙo ne ya iso.

Ya saurara har ƙarshe, ya sake kunnawa, ya kara wayar a kunnensa sosai. Da ta ƙare ya dube ni ya ce, "Kawu, na ji ɗana, na ji Allah. Tana kuka. Tsine mini ta yi?"

Haka na zauna na fassara masa albarkar uwarsa da Larabcina na direba, na lodi da sauke, ina laluben kalmomi, rabi yana zubewa a hanya. Ya ce, "Har da jitar ta ce?" Na ce har da ita. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga ido ya kalli saman kwaba, bai tashi ya sauko da ita ba. Har na baro ƙasar ban sake jin ya kaɗa ta ba. Yanzu suna waya da uwarsa ranar Juma'a, ta ce ya aiki, ya ce lafiya, ta ce ka ci abinci, ya ce na ci, sai su yi shiru suna jin numfashin juna har ɗaya ya kashe.

Abin da na koya shi ne, mu da muka fita neman abinci mukan auna komai da za mu bar wa 'ya'yanmu, takarda, sana'a, wurin kwana, mu manta da bakin da za mu yi magana da su in magana ta yi nauyi. Duk wanda ke renon ɗa a ƙasar wasu, ya ba shi harshensa gaba ɗaya, har da kalmomin mutuwa da na yafiya, kuma in yaron ya karkace a gyara masa maimakon a yi dariya. Na ga ɗan da ya bayar da duk abin da yake da shi don uwarsa ta sa masa albarka, ta kuwa sa, amma sai da aka nemo masa tafinta.